SU A TAFKIN MADATSA: YADDA A KE SAMUN KIFI A KUMA KOMO GIDA LAFIYA

Mutanen Fadaman Mada da na sauran unguwannin garin Bauchi sun san sunan madatsar ruwa ta Gubi, ko da ba su taɓa taka bakinta ba, domin daga can ne ruwan famfon gari ya ke fitowa. Tana arewa da birni, tafiyar kamar kilomita 12. Ban da ruwan sha kuma, akwai wani arzikin da Allah ya ajiye a cikinta, watau kifi. Akwai masunta waɗanda sana'arsu ke nan, da ita su ke ci su ke sha. Akwai kuma samari da magidanta da kan ɗauki fatsa ran hutu su nufi bakin ruwa, ko don su sami na miya, ko don sha'awa kawai. Wannan takarda domin su duka aka rubuta ta, da kuma duk wanda ke zaune kusa da irin wannan ruwa a ko'ina cikin ƙasar nan.

Irin waɗannan tafkuna ba su daɗe ba. An gama madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, ta Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978. Ta Dadin Kowa kuwa, a kan Kogin Gongola, an gama ta a 1984, tun tana cikin Jihar Bauchi, kafin a cire Jihar Gombe a 1996. Ruwan da kakanni suka sani shi ne kogi mai cika da damina ya janye da rani, da fadama, da tafki na asali irin na Maladumba da ke kusa da Misau. Sun san halinsa sarai, sun kuma koya wa 'ya'yansu. Amma ruwan madatsa halinsa dabam ne, kuma yawancin masu komowa gida hannu wofi, da waɗanda ba su komowa sam, saninsu na kogi ne suka kai wurin da ba kogi ba.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN RUWA

Sa'ad da aka datse kogi, ruwa ba ya zaɓen abin da zai rufe. Ya kan hau gonaki da kufai, ya shanye itatuwa a tsaye, da suri, da duwatsu, da tsofaffin rijiyoyi, da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Tsohuwar hanyar kogin ita ma tana nan kwance a ƙasa, da gaɓarta mai tsayi, sai dai ido ba ya ganinta. Saboda haka mutum zai iya tafiya cikin ruwa iya gwiwa har taki hamsin, taki na gaba kuwa ya faɗa inda ya fi tsawon mutum uku.

Masunci mai wayo da wannan ya ke cin abinci. Kifi ba ya watsuwa cikin tafki daidai wa daida kamar gishiri a miya. Yana taruwa ne inda ya ke da abinci da maɓoya: gindin itatuwan da ruwa ya ci, da gefen duwatsu, da bakin ciyawa, da inda rafi ke zubowa cikin tafki, da kan gaɓar tsohon kogin nan inda tudu ya haɗu da zurfi. Lokacin sanin waɗannan wurare shi ne ƙarshen rani, cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya ƙasa ta bayyana. Wanda ya zaga bakin tafki a wannan lokaci, ya lura da inda kututture ya ke da inda kwari ya ke, ya riƙe alamarsu da wani dutse ko itace na tudu, to, ya yi wa kansa tanadi iri biyu. In ruwa ya komo ya san inda zai jefa ƙugiya, ya kuma san inda ba zai sa ƙafa ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zurfi ba shi ne yawan kifi ba. Da bazara rana ta kan dafa ruwan sama, ya yi ɗumi ya tsaya a bisa, na ƙasa kuwa ya kwanta ba ya motsi. Ganyaye da ciyayin da ke ruɓewa a can su kan cinye iskar da kifi ke shaƙa, har wurin ya zama ba mai iya zama sai irin su tarwaɗa, wadda ke da wata halitta a bayan kai da ta ke shaƙar iskar sarari da ita. Mai fatsa da ya saki igiya har ƙasa a tsakiyar tafki a wannan lokaci, wahala kawai ya ke sha. Sai hunturu ya zo, sanyi da iska sun taɓa ruwan sama ya nutse, sa'an nan ruwan ya gauraya.

KIFAYEN DA A KE SAMU

A littattafan Turawa da majigi a kan ga masu fatsa suna alfahari da kifaye biyu, tarawut da bas. Tarawut kifin ruwan sanyi ne, ba ya jin daɗi in ɗumin ruwa ya wuce digiri 20, ga shi kuwa zafin Bauchi da bazara ya kan haura digiri 35. A Afirka sai a kan tsaunuka a ke samunsa, kamar na Kenya da na Afirka ta Kudu, can ma Turawa ne suka kai shi. Bas kuwa asalinsa daga Amurka ne, mafarauci ne mai haɗiye ƙananan kifaye. Ba wani abin da ƙasar nan ta rasa don ba ta da su. Giwan ruwa, wanda a ke kamawa a Kainji da Binuwai da Tafkin Chadi, wanda kuma da shi a kan ci gasar Argungu, halinsa ɗaya da bas wajen farauta, ya kuma ninka shi girma nesa ba kusa ba, don babbansa ya kan wuce kilo 100.

Akwai darasi a labarin giwan ruwan nan. Cikin shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka, inda babu shi a da. Kafin shekara talatin ya cika tafkin, ya cinye ire-iren ƙananan kifayen wurin masu yawan gaske, waɗansu har an daina ganinsu. Don haka kada kowa ya ɗebo kifi daga wani ruwa, ko daga gidan kiwonsa, ya zuba cikin tafkin jama'a bisa ra'ayin kansa. Wannan aikin ma'aikatan sashen kifi ne.

A Gubi da sauran matsakaitan madatsu, abin da ya fi yawa shi ne karfasa da tarwaɗa. Karfasa a bakin ciyawa ta ke kiwo, a ruwa marar zurfi, da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Bakinta ƙarami ne, saboda haka ƙaramar ƙugiya ta ke so, da tana, ko shinge, ko ɗan curin tuwo. Idonta kuwa da kaifi. Mai fatsa da ya tsaya a tsaye inuwarsa na kan ruwa, yana surutu yana buga ƙafa, ya kore ta ke nan. Tarwaɗa da ƙurungu ba da ido su ke neman abinci ba, da gashin baki ne da sansana, galibi kuma bayan faɗuwar rana. Su a kan sa musu abu mai ƙarni, kamar hanjin kaza ko yankan kifi, a bar shi kusa da ƙasa. Giwan ruwa da tsage, a manyan ruwaye inda a ke samunsu, sai ƙaramin kifi mai rai. Tsage haƙoransa kamar na zarto su ke, in ba a ɗaura 'yar waya tsakanin ƙugiya da igiya ba, ya kan datse ta ya wuce.

KIFIN BANA DA NA BAƊI

Tafki ba rijiya ba ce da a ke ɗiba tana tsattsafowa. Kifin da za a kama baɗi, ɗan wanda aka bari bana ne. Namijin karfasa ya kan share ɗan gurbi a rairayi inda ruwa ba zurfi, macen ta zuba ƙwai, sa'an nan a wasu ire-irenta uwar ta kwashe ƙwan ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe, ba ta ko cin abinci. Wanda ya ja taru a kan wannan rairayi ya rushe gurabun, wanda kuma ya kama uwar da ƙwai a baki ya kashe ɗaruruwa don ya sami guda. Tarwaɗa ita kuma da farkon damina ta ke hawa cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe ta yi ƙwai. A lokacin ne ta fi saukin kamu, har da sanda a kan buge ta, a lokacin ne kuma ya fi kamata a ƙyale ta.

Tun kafin zuwan dokar gwamnati Sarakunan Ruwa sun san wannan, shi ya sa su kan rufe wani gurbi na ruwa wata da watanni, ba mai shiga sai ranar da aka buɗe. Bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, a kan wannan al'ada ya ke tsaye: a kan hana su a Matan Fada, shi ya sa a ke samun manya ran biki. Dokar Gwamnatin Tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1992, bin sawun wannan hikima ta yi. Ta hana amfani da koma mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci uku, sai a wasu ire-iren su da ta keɓe, domin ƙananan kifaye su sami wucewa. Gidan sauro da a ke rabawa don kare yara da mata masu ciki daga zazzaɓi, in aka mai da shi taru an yi hasara biyu: an bar yara ga sauro, an kuma share tafki har 'ya'yan da ba su kai farce ba.

Dokar ta kuma haramta kamun kifi da nakiya, da lantarki, da guba kowace iri, ko ta gargajiya kamar magimfa, ko ta kanti kamar Gamalin. Gamalin maganin ƙwarin gona ne, kuma tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda za a daina yi, saboda ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a kitsen kifi da jikin mai cinsa. Ba ya bambanta babba da ƙarami, ba ya barin kwaɗo ko tsuntsu ko saniyar da ta zo shan ruwa. A wuri irin Gubi kuwa laifin ya wuce na kisan kifi, domin ruwan da aka zuba wa gubar shi ne wanda za a tace a aika wa mutanen Wunti da Jahun da Fadaman Mada. Duk wanda ya ga ana haka, ko ya ga kifaye birjik sun taso matattu, lalle ne ya sanar da Sarkin Ruwa, ko mai unguwa, ko ma'aikatan madatsa, kada kuma ya kwashi kifin ya kai kasuwa.

HAƊARIN NUTSEWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Disamba na 2021, yara da matasa kuwa su ne suka fi yawa. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Ba teku ba ce, ba kuma Kwara ba ce. Tafkin madatsa ne kamar Gubi.

Sau da yawa wanda ya iya ruwa shi ruwa ke ci, don shi ne mai ƙarfin halin shiga. Ƙugiya ta maƙale a reshe, ko kalli ya sarƙe, sai ya tuɓe ya nutsa don ya kwance. Can ƙasa duhu ne, rassan itatuwa na nan, ga tsofaffin komaye na roba da wasu suka yar, waɗanda ba su ruɓewa. In ƙafa ta shiga ɗaya, iyawa ba ta da amfani. Ƙugiyar da ta maƙale a yanke igiyarta a bar wa ruwa. Kuɗinta bai kai na likkafani ba. Mai jefa birgi kuma kada ya ɗaure igiyar a wuyan hannu da ƙulli mai wuyar kwancewa, ya kuma riƙa ajiye 'yar wuƙa a inda hannu zai kai gare ta nan da nan.

Kwalekwale yana da iyakar abin da zai ɗauka, mai shi kuwa ya fi kowa sani. In ruwa ya kusa kai bakinsa tun ba a tashi ba, to, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Kowa ya zauna, kada a miƙe tsaye, kada a taru gefe guda don kallon kifin da aka jawo. A tafi da filafili na biyu da abin kwarfar ruwa. Rigar ruwa, irin wadda ke hana nutsewa, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta wajabta sa ta ga mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare. Sai an sa ta an ɗaure ta ke aiki, wadda aka shimfiɗa aka zauna a kai ba ta ceton kowa. Inda ba a same ta ba tukuna, gorar masunta ko jarka wofi mai murfi a rufe gam ta fi babu. In kuwa jirgi ya kife, a riƙe shi, don jirgin katako ba ya saurin nutsewa, masu ceto kuma sun fi hango jirgi da kan mutum. Gaɓa ta kan yi kamar kusa alhali da nisa.

Da damina hadari daga gabas ya ke tasowa, iska kuwa ta kan riga ruwan sama isowa. A kogi gaɓa na kare mutum, amma a tafki fili ne fetal, cikin 'yan mintoci ruwan da ke kwance sai ya tashi. Da an ga gabas ta yi baƙi, ko an ji rugugi ko da daga nesa, a naɗe kaya a fita. Mutumin da ke tsakiyar ruwa riƙe da doguwar sanda shi ne abu mafi tsayi a wurin, aradu kuwa mafi tsayi ta ke nema. Bayan an fita kada a fake gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, kada kuma a koma sai an yi rabin sa'a ba a ji tsawa ba. Wajen bangon madatsa, da inda ruwa ke malala in ta cika, da inda injuna ke zuƙar ruwa, ba wurin su ba ne ko wanka a kowane lokaci.

Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya bar gida ba a san inda ya nufa da lokacin da zai komo ba. Mai farfaɗiya, da wanda ya sha abin da ke gusar da hankali, ba su da abin yi cikin jirgi. Yara kuwa, babba ya tsaya a kansu yana kallo, ba wai yana nan kusa yana hira ba, domin mai nutsewa ba ya ihu yadda a ke zato. Bakinsa na neman iska ne, ba shi da sararin kira.

In aka ga wani na nutsewa, kada a yi tsalle a bi shi sai wanda aka koya wa ceto, don mai nutsewa ya kan ƙanƙame wanda ya zo, a rasa biyu. A miƙa masa gora ko filafili, ko a jefa masa igiya ko jarka, mai miƙawa kuma ya kwanta rub da ciki kada a fizge shi. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi kai ƙasa ko danna masa ciki wai don ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki har ƙirji ya taso. Sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjin da ƙarfi sau talatin, a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya zo. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu ya kan ta da ciwo bayan sa'o'i.

CUTA DA SARA

Ruwan da ke kwance wuri guda yana da wani haɗarin da ba ya kisa nan take, watau tsargiya. Wasu 'yan ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa su ne ke renon ƙwayar cutar. Ta kan fito daga jikinsu, musamman da rana tsaka, ta huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa cikin ruwa, ta girma a jijiyoyin jini, sa'an nan a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. A wasu wurare har yanzu a kan ɗauka wannan alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, in kuma aka bar shi ya daɗe ya kan lalata mafitsara da ƙoda. Yana da magani, ƙwayar Praziquantel, wadda a kan raba wa 'yan makaranta a kuma samu a asibiti. Mai cutar in ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, shi ke mayar da ƙwan ga dodon koɗin, abin ya yi ta zagayawa. Masunci ya sa takalmin roba mai tsawo in da hali, ya rage tsayuwa cikin ciyawa, ya kuma zo da ruwan shansa daga gida.

Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a fiffike mai zafin suka. A riƙe su ta bayan kai, in kuwa sun soki mutum a wanke da sabulu a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta jure. Ƙugiyar da ta nutse cikin nama har ta wuce kunnenta, kada a fizge ta, a je wurin malamin asibiti ya cire, a kuma nemi allurar rigakafin cutar nan mai sarƙe haƙora.

Hanyar zuwa bakin ruwa da asuba ko da magariba ita ce lokacin maciji, musamman kububuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashen Bauchi da Gombe, har aka keɓe asibiti musamman domin masu sara a Kaltungo. A sa takalmi rufaffe, a riƙe tocila, kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse wajen neman tana. Wanda aka sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam. A cire masa zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a kan abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa ya ke yi, mutum ya kan ga kamar ya warke, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi.